Motar aro ta ƙone gasket a hanyar Yankari, wa zai biya gyara?

Abban Sultana:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, kuma a faɗa min gaskiya ko da a kaina za ta faɗo. Mu goma sha ɗaya ne abokai tun sakandare, muka yi karo-karo dubu 45 kowa za mu je dajin Yankari na jihar Bauchi mu kwana biyu bayan ƙaramar Sallah. Mun tanadi tanti uku, tabarmi, gidan sauro, tukunyar gas, shinkafa da taliya, har da soyayyen nama da matanmu suka haɗa mana. Mota kuwa yayan ɗaya daga cikinmu ne ya ba mu aron bas ɗinsa Hiace da ake kai yara makaranta da ita tunda ana hutu, yace mu zuba mai kawai, ko sisi bai karɓa ba.

Mun so fita Kano bayan asuba amma jiran mutane da ɗaure kaya ya kai mu ƙarfe tara. Muna wuce Wudil wanda yake tuƙi yace allurar zafi ta haura rabi. A Birnin Kudu muka tsaya, aka jira ta ɗan huce aka duba, ruwa ya yi ƙasa sosai, muka zuba fiya wata wajen leda takwas. Wani yaron bakanike ya leƙa ƙasa yace akwai inda take ɗiga, mu jira ogansa ya je kasuwa zai dawo nan da awa ɗaya. Wlh a nan muka yi kuskure, kowa yana cewa rana na yi, an ce mu isa ƙofar Yankari kafin yamma, mu lallaɓa zuwa Bauchi. Ni ma ina cikin masu cewa a tafi, ban ɓoye ba. Bayan mun wuce Ningi allura ta hau har ja, can sai ta sauko da kanta, muka yi ta hamdala, ba a yi minti goma ba mota ta rasa ƙarfi, wari ya tashi, farin hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin kujerar direba ta mutu. Wajen ƙarfe biyu ne, ba mu kai Kafin Madaki ba.

Mutum huɗu suka hau motar haya suka ce za su Bauchi su taho da bakanike. Sun turo shi kam, ya iso bayan magariba, amma su ba su dawo ba, sai washegari muka gano sun wuce Yankari. Mu bakwai muka kwana a wani ƙauye. Washegari janwe ta jawo mu Kano. Kuɗin janwe dubu 170, gyara dubu 240, jimla 410. Abin da ya rage a asusu dubu 130 ne. Yanzu su huɗun nan sun ce ba za su ƙara ko kwabo ba, har ma a mayar musu da rabonsu na asusu tunda da kuɗinsu suka ƙarasa. Wasu kuma suna cewa mai mota ya biya don motarsa ce ba ta da lafiya. Mai mota bai ce komai ba, kuma ranar Litinin ake komawa makaranta, da ita yake ci da iyalinsa. Ya za mu yi?

Maman Hanif Bauchi:
Wa alaikumus salam. Subhanallahi, Allah ya kiyaye gaba. Ni abin da ya fi tsaya min a rai kwanan da kuka yi a hanya, ba kuɗin ba. A ina kuka kwana, bakin titi?

Abban Sultana:
A'a Hajiya. Wani dattijo da yake dawowa daga gona ya gan mu, ya kai mu wajen mai unguwa, shi ya sa matasa suka turo motar har cikin gari aka ba mu filin firamare muka kafa tanti. Har da tuwon dawa da miyar kuka aka aiko mana kwano uku, muka ba da kuɗi suka ƙi karɓa. Allah ya saka musu.

Injiniya Ƙofar Ruwa:
Abban Sultana sannu da wahala. Shekara ashirin da ɗoriya ina wannan aiki, bari in faɗa maka abin da ya faru a cikin injin don shi zai nuna inda laifi yake. Saukowar nan da allura ta yi da kanta, ba sanyi injin ya yi ba. Abin da yake auna zafin a cikin ruwa yake zaune, idan ruwa ya ƙare ƙaf ba abin da zai auna sai iska, sai allura ta faɗo, kai kana murna alhali a lokacin ne injin yake cin kansa. Top silinda na waɗannan motocin alminiyom ne, zafi ya yi yawa sai ya lanƙwashe, gasket ɗin da ke tsakanin top da jikin injin ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara. Shi ya sa dole a cire top a kai a goge shi ya daidaita kafin a sa sabon gasket.

A Birnin Kudu matsalarku ta tiyo ɗaya ce da kilif. Da kun jira awa ɗayan nan da yanzu hotunan ruwan Wikki na Yankari kuke turo mana. Kun ma yi sa'a injin bai buga ba, da maganar miliyan ake yi ba dubu 240 ba. Tambaya ɗaya, da aka buɗe an samu tamostat, ɗan abin nan da ke daidaita zafin injin, a ciki?

Abban Sultana:
Babu Oga. Bakaniken yace an daɗe da cire shi. Kuma tiyon ƙasa an taɓa naɗe shi da robar tayar keke, watafom ɗin ma, famfon da ke zagayawa da ruwa a injin, yana ɗan wasa.

Na Sakkwato:
To ai magana ta ƙare. Mutum ya san motatai ɗaure take da roba, mi ya sa ya ba mutane goma sha ɗaya su tahi tahiyar da ta hi kilomita 400? Cikin gari ita ka yawo, daga gida zuwa makaranta, ba ta saba doguwar hanya ba. Da ya ce ku duba tiyo kahin ku tashi da duk wanga bai hwaru ba. Ni a ganina shi za ya biya gyara, ku ku biya janwe.

Injiniya Ƙofar Ruwa:
Na Sakkwato ka yi haƙuri ban yarda da kai duka ba. Mai mota sau da yawa bai san abin da ke ƙarƙashinta ba, direbansa ne yake kai ta gareji. Cire tamostat kuma kusan kowa yana yi a garin nan wai don ƙasarmu da zafi, ni kam ina hana kwastomomina, don masu ƙera motar sun sa shi ne ya riƙe injin a daidai zafin da yake so, wajen digiri 80 da wani abu yake buɗewa, in ka cire mota ta riƙa shan mai da safe injin na lalacewa a hankali. Amma rashin tamostat ba shi ya ƙona gasket ba. Rashin ruwa ne, da tuƙi bayan allura ta taɓa ja.

Direban Dogon Zango:
Gaskiya Injiniya ya faɗa. Ni Kano zuwa Gombe da Yola nake yi, hanyar nan ta Birnin Kudu, Ningi, Bauchi na san ta kamar tafin hannuna. A watan zafi irin wannan, mota cike da mutane da kaya a sama, ga AC na tabbata kun kunna, ko lafiyayyar mota sai ka riƙa kallon allura kamar yadda kake kallon titi. In ta hau, abu na farko kashe AC, ka kunna hita duk da zafin da ake yi don tana janye zafi daga injin, ka nemi gefe ka tsaya. Kar a buɗe murfin lagireto da zafinsa, na ga yaron mota da ruwan ya wanke masa fuska da ƙirji har yau da tabo. Kuma kar a kwara ruwan sanyi a kan injin mai zafi, top yana iya tsagewa.

Wani abu kuma, ku da za ku daji ku kwana, jarkar ruwa nawa kuka ɗauka? Leda takwas na fiya wata lita huɗu ne fa. Mu ba ma tashi sai da jarka 25 cike, da fanbel na safaya, tiyo, kilif, igiya, tocila, jak da sifana. Kuma in aka tsaya a titi a sa alamar nan mai kusurwa uku ko a karyo ganye a jera tun daga nesa, in abin ya yi tsanani lambar Rod Sefti 122 ce.

Abban Sultana:
Jarka ɗaya muka ɗauka ta girki, kuma babu ruwa a ciki, mun ce sai Bauchi za mu cika. AC kam a kunne take har Ningi. Duk abin da ka lissafa ba mu da shi sai jak da safaya.

Almajirin Malam:
Salamu alaikum. Ni ɗalibi ne ba malami ba, amma ga abin da muka karanta a babin aro a mazhabar Malikiyya. An raba kayan aro gida biyu. Akwai wanda ake iya ɓoyewa kamar tufafi da kayan ado, wannan in ya salwanta mai aro zai biya sai in ya kawo shaida cewa ba da sakacinsa ba ne. Akwai wanda ba a iya ɓoyewa kamar dabbar hawa, wannan mai aro ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Mota a nan ta fi kama da dabba. To da a ce kuna tafiya lafiya lau tiyo ya fashe kuka tsaya nan take, babu komai a kanku, tsufan kaya na mai kaya ne. Amma kun ga alama, an gaya muku tana ɗiga, an ce ku jira kuka ƙi, ta taɓa ja kuka ci gaba. Ban ga sunan da za a kira wannan da shi ba in ba sakaci ba. Allah ne mafi sani, kuma ku samu malami a unguwarku ku zauna da shi gaba ɗaya.

Na Sakkwato:
Malam to shi mai motar da bai hwaɗi aibinta ba hwa?

Almajirin Malam:
In ya sani ya yi shiru, da nasa kason. In bai sani ba babu komai a kansa. Shi ya sa nake ganin a raba lissafin, abin da dama ya lalace kafin su karɓa daban, abin da tuƙinsu ya jawo daban.

Ɗan Autan Hajiya:
Jama'a ni ina cikin huɗun da ake magana. Tun safe nake karantawa ban so in yi magana ba amma an sa mun zama kamar marasa imani. Abban Sultana ka faɗi gaskiya mana, a Birnin Kudu wa yace a jira ogan yaron nan? Ni ne. Sau biyu na faɗa aka ce na cika tsoro. Kuma da muka isa Bauchi sai da muka zaga gareji uku ana hutun Sallah kafin mu samu wanda ya yarda ya bi hanya, ni na biya masa kuɗin mota daga aljihuna dubu 8 ban sa a lissafi ba. Lokacin biyar ta wuce, in mun dawo me za mu ƙara muku, bakin ci ne kawai zai ƙaru. Ni hutun kwana uku aka ba ni a wajen aiki, shekara biyu ina son zuwa wurin nan. Muka kwana Bauchi da safe muka wuce. Yanzu a ce in biya ɓarnar da na hana a yi?

Abban Sultana:
Gaskiya ne kai ka ce a jira, na shaida, kuma ban san da dubu 8 ɗin nan ba, ka yafe ni. Amma ɗan'uwa abin da ya yi mana ciwo ba wucewar ba ce. Ba ku kira ba. Mu muka yi ta nemanku, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, har sha ɗayan dare ina tsaye a kan wani tudu bayan makarantar ina ɗaga waya don ban san ko lafiya kuka isa ba. Sai washegari muka ga hotonku a ruwan Wikki a status, mu kuma muna cikin bas janwe na jan mu.

Maman Hanif Bauchi:
Kai Ɗan Auta, ƙanina, wannan kam ba ku kyauta ba. Ko ba za ku dawo ba ai kira ɗaya ya isa. Kuma hoton nan da kun bari sai kun dawo gida. Yankari ba gudu za ta yi ba, tun 1956 aka keɓe dajin, 1962 aka buɗe wa masu ziyara, ta zama ta tarayya a 1991 aka dawo wa jihar Bauchi da ita a 2006, duk tana nan. Ruwan Wikki kuma ɗuminsa ɗaya ne rani da damina dare da rana, digiri 31, in kun dawo baɗi haka za ku same shi.

Ni abin da ya ba ni takaici ma, inda kuka lalace ɗin nan kuna dab da gandun dajin Sumu, a ƙaramar hukumar Ganjuwa take, akwai raƙumin dawa da jakin dawa da aka kawo daga Namibiya. Da kuna da wanda ya san gari da ko nan kun leƙa da safe kafin janwe ta iso, yaran ƙauyen ma sun san hanya. Kuma don gaba, daga Bauchi ba a ce an iso ba fa, sai kun bi hanyar Gombe zuwa Dindima ku karya, ku isa ƙofa a Mainamaji, sannan daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai tafiyar kilomita 40 da wani abu a cikin daji. Ku yi tunani da a can ciki ta mutu muku, babu ƙauye babu mai unguwa sai giwaye da ɓauna. Ni dai ina ganin Allah ya rufa muku asiri ne da ta tsaya inda mutane suke.

Ɗan Autan Hajiya:
Yaya na karɓi wannan, rashin kiran laifinmu ne. Cajina ya ƙare amma sauran ukun suna da waya, ba ni da hujja. Hoton kuma ba ni na sa ba amma ina ciki.

Direban Dogon Zango:
Ɗan Auta a ƙa'idarmu ta hanya, wanda kuka tashi tare ku ke da motar tare har a dawo. Ka ce a jira ba a ji ba, amma ka koma ka zauna a ciki aka tafi da kai. Da ta kai lafiya ai da kai za a yi wanka a soya nama, ba wanda zai ce kai ka hana a taho. To haka in ta lalace.

Na Sakkwato:
Nan kam na yarda da direba. Amma har yanzu ina kan bakana, mai mota ya ɗau wani abu.

Baffa Mai Ritaya:
Yarana ku saurara. Na yi shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati, na ga abota da yawa da ta mutu a kan kuɗin da bai kai na ragon suna ba. Mutumin nan ya ba ku abin neman abincinsa kyauta. Ku tambayi direba nawa ake shatar bas daga Kano zuwa Yankari kwana uku yanzu, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya ninka. Shirun da ya yi kunya ce, ƙaninsa na cikinku, ba zai iya buɗe baki yace ku biya ba, kuma in kuka bar shi da wannan ba zai sake ba wani aro ba har ya mutu, kun rufe wa na bayanku ƙofa.

Ga yadda nake gani. Injiniya ya ware kuɗin tiyo da watafom da tamostat, wannan tsohuwar cuta ce, ku je wa mai mota da ita cikin ladabi, in ya ɗauka to, in ya nuna ba hali ku haɗa da shi. Sauran ku cire dubu 130 na asusu ku raba goma sha ɗaya daidai. Batun a mayar wa mutum huɗu rabonsu a bar shi, an sayi mai da abinci da sunan kowa. Dubu 8 na Ɗan Auta a cire masa daga nasa. Kuma kar ku yi wannan magana a waya, ku haɗu gida ɗaya bayan isha'i ku ci abinci tukuna.

Injiniya Ƙofar Ruwa:
Baffa ya gama magana. Abban Sultana turo min takardar da bakaniken ya rubuta in duba. Kuma ka gaya masa kar ya sa gasket na roba-roba mai arha, a ɗaure top da sifanar awo bi da bi yadda ya kamata ba da ƙarfin hannu ba, a zuba kulan, ruwan sanyaya inji na musamman, ba ruwan rijiya ba don shi ke cinye lagireto da tsatsa. Baƙin mai a canza shi da filta, in ta yi kwana biyu tana aiki a sake dubawa ko ya yi fari.

Abban Sultana:
Na tura maka Oga.

Injiniya Ƙofar Ruwa:
Na gani. Tiyo, kilif, watafom da tamostat sun kama dubu 60. Sauran 180 na gasket ne da gugar top da mai da kuɗin aiki, bai cuce ku ba. In an haɗa da janwe 350, a cire 130 saura 220, kowa dubu 20 kenan.

Maman Hanif Bauchi:
Dan Allah in an tashi haɗawa a ƙara ko dubu bibbiyu ne a sayi sabulu da sukari da ɗan yadi a kai wa mai unguwar nan da matan da suka yi tuwo. In ba mai zuwa ku turo Bauchi, maigidana yana bin hanyar Ningi duk sati.

Abban Sultana:
Jama'a ngd, Allah ya bar zumunci. Jiya mun zauna a gidan Yaya mai motar kamar yadda Baffa yace, mu tara muka samu zuwa. Ya rantse bai san da robar ba, ya kira direbansa a gabanmu, direban ya amsa cewa shi ya naɗe tun kafin azumi yana jiran a yi hutu a canza sai ya manta. Yaya yace dubu 60 ɗin nasa ne, har ya so ya ƙara muka hana. Ɗan Auta shi ya fara turo nasa, kuma ya ƙi a cire masa dubu 8 ɗin yace a sa a na mai unguwa. Mutum tara sun biya. Biyu daga cikin huɗun har yanzu ba sa ɗaga waya, na cike dubu 40 ɗin daga wajena don mota ta fito kafin Litinin, ban kuma cire su daga rukuninmu ba duk da wasu sun ce in cire.

Hajiya zan kira maigidan naki ranar Asabar in sha Allah. Oga Injiniya gobe ƙarfe goma za a ɗaura top ɗin, in kana da sarari ka zo ka tsaya mana a kai, zan biyo in ɗauke ka a Ƙofar Ruwa.

Injiniya Ƙofar Ruwa:
Ka zo tara da rabi, mu fara biyawa mu sayi tamostat ɗin da kanmu.